Gafakar Malam Ma'aruf

Tun daga Gwadabawa Halilu yake shirya maganar da zai faɗa, yana gyara ta yana sake gyarawa. Da tsohuwar motarsa ta shiga Illela sai ya tarar babu abin da ya rage a kansa sai sallama.

Asabar ce, jajibirin kasuwa. Manyan motoci sun fara jeruwa a bakin hanya, ana sauke awaki suna kuka. Garin da ya saba shiga ana ɗaga masa hannu ana cewa, "Dakta, barka da isowa," yau kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Shi ba dakta ba ne tukuna. Digirin yake nema. Illela ce ta ba shi sunan tun ranar da ya fara sa tabarau.

Halilu mutumin Gidan Katta ne, malami a jami'a a Sakkwato. Ya doshi arba'in, sanƙo ya fara yi masa sallama ta gaba, kuma bai taɓa aure ba. Shekarun da sa'o'insa suka yi suna zuwa zance, shi ya yi su yana leƙen gashin namun daji a madubin ƙara girma. Aikinsa ke nan. A kawo masa guntun fata, ko ƙashi, ko busasshen nama, ya faɗi dabbar da ta mutu. Mahaifiyarsa har ta rasu ba ta gane dalilin da gwamnati ke ba mutum albashi a kan wannan ba.

Amma akwai inda ido ke tsayawa. In aka aske gashi, aka jeme fata da bagaruwa, aka rina ta ja, to da akuya da barewa sun zama abu ɗaya a wurin mai kallo. Barewa kuwa doka ta hana taɓa ta, don ta kusa ƙarewa.

A wannan shekara ta 1989 ne wata sabuwar hanya ta iso kunnen masu irin aikinsa. Turawa suna kiran abin DNA. Halilu in zai yi wa mutanen gida bayani sai ya ce wani rubutu ne da Allah ya yi a cikin tsoka da fatar kowace halitta, na akuya daban, na barewa daban, kuma yanzu an fara iya karanta shi. Farfesan da ya koyar da shi a Ingila yana da kayan karatun. Ya yi masa alkawari, in ya kawo aiki na gaske daga ƙasarsu, a kansa zai yi digirin dakta.

Aikin ya zo bayan ɗaukewar damina. 'Yan kwastan suka tare wata mota a bakin iyaka, cike da jajayen fatu. Takarda ta ce akuya. Direba bai tsaya gardama ba, ya tsallaka Ƙonni ta Nijar da ƙafa. Malaman daji suka yi zargi, kotu ta sa a kai wa Halilu.

Ƙa'idar aikin ita ce ba a aika abin da ake zargi shi kaɗai. Dole a haɗa shi da wanda aka tabbata da shi, a jera su a gani. Halilu yana bukatar fatar akuya ta gaskiya, wadda aka jeme irin jimar Illela, daga hannun da ba ya shakka. Kasuwa bai yarda da ita ba. Yana zaune a ɗakinsa yana tunani idonsa ya faɗa kan gafakar da ke rataye a bango.

Malam Ma'aruf ne ya ba shi ita. Malam babban malami ne mai makaranta a Illela, kuma uban Safiyyatu, matar da Halilu yake nema da aure. An daɗe ana kai ruwa rana kafin gidan ya yarda da Halilu, don ɗan maharbi ne, kuma a ganinsu aikinsa shinshinar mushe ne. Ranar da Malam ya amince, bai yi dogon jawabi ba. Ya miƙa masa sabuwar gafaka ya ce ya sa Alƙur'aninsa. Babban ɗan gidan, Junaidu, mai rumbun fatu a Amarawa, shi ya sa aka ɗinka ta, kuma ya ce da bakinsa jar akuya ce ta asali.

Mutum mai hankali zai bar ta a rataye ya riƙa kallo yana jin daɗi. Halilu mutum ne mai ilmi.

Ya ɗauki reza ya yanko ɗan tsinke daga cikin murfin, bai kai farce ba. Ya sa a ambulan. Sannan ya rubuta inda ya samo shi, da sunan gidan da na wanda ya jeme, kamar yadda aka koya masa.

Sakamako ya zo wa kotu kai tsaye. Fatun mota barewa ne. Tsinken gafaka ma barewa ne.

Malaman daji sun iya karatu. Suka nufi Amarawa, suka kwashe rumbun Junaidu, suka haɗa da shi. Ran Litinin kotu za ta zauna, kuma duk shari'ar a kan bakin mutum ɗaya take, Halilu.

Halilu ya tsayar da mota a gindin darbejiyar ƙofar makaranta. Bai gama rufe ƙofa ba ya ga Alhaji Maccido yana fitowa daga gidan, babbar riga tana jan ƙasa. Dillalin shanu ne mai motocin kansa, kuma tun da Safiyyatu ta gama takabar mijinta na fari yake aike.

"Dakta," in ji Maccido, ya ba shi hannu biyu. "Sannu da hanya. Motar ga har yanzu tana numfashi?"

"Tana ƙoƙari, Alhaji."

"Kowa ƙoƙari shi ka yi. Ni ma na ɗan kawo lauya daga Sakkwato, a ga abin da za a iya." Ya gyara hula. "Ya ce abin mai sauƙi na. Ko ka ce ka yi kuskure, jami'a ta sallame ka. Ko ka ce ba ka yi ba, gidan ga shi sallame ka. Ni dai ba ni gaggawa, Dakta. Gobe kasuwa, ina gari."

Ya faɗe ta ba da gatse ba, kamar mai ba da labarin farashin hatsi. Wannan ya fi ciwo.

*

Safiyyatu tana ƙaramin zauren da take karantar da matan aure. Sun tashi, ta rage ita kaɗai tana naɗe tabarmi. Da ta ji sallamarsa ta amsa, ba ta juyo ba.

Ya zauna a bakin ƙofa, inda ya saba zama.

"Malama, ina wuni."

"Lahiya lau, Malam Halilu."

Ta jingine tabarmar a bango, ta zauna nesa da shi, ta ja mayafi. Sai lokacin ya ga idanunta. Sun kumbura, kwalli ya daɗe da barin su.

"Yaya Inna?"

"Inna ruwa kaɗai ta ka sha. Matar Yaya Junaidu ta kwaso ɗiya ta dawo nan, in wannan ya yi shiru wancan shi ɗauka. Ni kuwa in na ratsa tsakar gida sai magana ta tsaya." Ta dube shi. "Ni na kawo ka, ka gane. Ni na tsaya na ce ko kai ko ba kowa."

Ya sunkuyar da kai.

"Tambaya guda ni ka son yi maka, tun ranar da anka tahi da shi take cina. Illela cike take da fata. Sakkwato cike take da fata. Mi yas sa gafakar?"

"Ita kaɗai na yarda da ita."

"Mi?"

"Ina neman abin da babu ƙarya cikinai. Na duba duniya duka, na ce in dai akwai shi, to daga gidanku yaf fito."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, hawaye suka biyo ta.

"Wato yarda ta ja muna wanga."

"I."

"Wasu mazan in sun yarda da gida goro su ka kawowa. Kai reza kad ɗauko."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, duniya ba ta sake ba.

"Kuma ka rubuta sunan Baba."

"Haka a ka yi, Malama. Kome kad ɗauka sai ka rubuta inda kas samo shi. In ba ka rubuta ba, ba shaida ba ta."

"Hannunka bai yi rawa ba?"

"Alfahari na ji," ya ce a hankali. "Na ce sunan Malam zai shiga Ingila."

Ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna motsi, bai san ko kuka ne ko dariya ba, kuma ya lura ita ma ba ta sani ba. Daga waje ana jin masu awaki suna faɗa da direba.

Da ta sauke mayafin muryarta ta daidaita.

"Na'urar ga taku, tana kuskure?"

"Tana yi. Mai aiki da ita ma shina yi."

"Kai ka yi?"

"Na so a ce na yi. Na bi aikin daga farko har ƙarshe ina neman inda na zame, yadda mutum ka neman makullinai. Na sa an sake gwadawa da wani tsinke. Ban yi ba."

"Wani tsinke." Ta kaɗa kai. "Ka sake yanka ta ke nan."

"Na sake."

"Allah shi shirye ka, Halilu."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa babu Malam. Ya daɗe yana jiran ranar, bai zaci haka za ta zo ba.

"Ka san abin da Baffa Lawal zai ce maka," ta ci gaba. "Ka tsaya gaban alƙali ka ce ambulan sun cuɗe maka, ba ka san wanne na wanne ba. Lauya ya ce in ka faɗi haka shari'a ta mutu. Yaya shi dawo gida, a ɗaura muna aure kamin azumi. In ka ƙi, Baffa ya riga ya ba Alhaji Maccido baki."

"Ke mi kinka ce?"

"Ba a tambaye ni ba tukuna."

"Ni ina tambaya."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ba ni ce maka ka yi ƙarya. Nan wurin da kake zaune, kowace Laraba ni ka karanta ma mata hukuncin shaidar zur. Da wane baki? Amma ka saurara. Yaya Junaidu shi yag goye ni ina ƙarama. Ranar da mota ta kashe mijina hanyar Sakkwato, kowa ya ce ba shi iya duba gawar. Shi yat tahi yad ɗauko ta, yaw wanke ta, yaz zo yac ce min, Safiya, huskatai lau take, kada ki damu. Daga baya na ji ba haka ba ne. Ka ga shi ma ya iya ƙarya. Irin tashi ke nan."

Hawayen suka sake zubowa, ba ta share ba.

"Na san ya yi laihi. Ban ce bai yi ba. Amma in na ruhe ido ba fata ni ka gani ba."

"Malama," ya ce, "ina yaro ina bin babana daji. Bayan Lafani mu kan ishe barewa garke guda, in sun tashi sai ka ce ƙasa ta ka gudu. Bara na yi arewa ƙidaya, har cikin Nijar, na dawo da abin da bai cika yatsun hannu ba. In na ce na cuɗe ambulan, ba ni kaɗai na faɗi ba. Karo na farko ke nan da wanga gwaji zai tsaya gaban alƙali ƙasar ga. In ya faɗi, ba mai sake saurarenai, sai kowa shi rina fata shi wuce."

"Na ji. Barewa dai ba ta da uwa cikin gidan ga."

Gaskiya ce, kuma babu ita a cikin littattafansa.

"Kuma ba barewa kaɗai ba ta," ta ƙara. "Akwai Ingila. Akwai Dakta na gaske."

"Akwai," ya ce. Ya ga babu amfanin ɓoyewa. "Rayuwata duka na zuba ciki. In na ce miki ba ni tunaninta na yi miki ƙarya."

"To madalla, ba ka fara da ni ba." Ta miƙe ta ɗauki tabarmar. "Ka san abin da ni ka roƙo cikin sujada? In wayi gari in ishe ka yi kuskuren da gaske. Malama guda, tana roƙon Allah shi sa mijin da za ta aura shi zama sakarai."

"An kusa karɓa miki."

Ta kusa yin murmushi. Sai aka ji gyaran murya daga babban zaure, da muryar Baffa Lawal.

"In mai tabarau ya gama, Malam na jira."

*

Babban zauren yana da sanyi ko da rana. Malam Ma'aruf yana zaune a kan buzunsa, siririn tsoho mai farin gemu, carbi a hannu. Gefensa ƙaninsa ne, Muhammadu Lawal, wanda kowa ke kira Baffa. Ya yi aikin hukuma har ya gaji ya ajiye, kuma har yanzu yana zama kamar akwai tebur a gabansa.

Halilu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam."

"Amin. Zauna."

Yana zama ya lura da bango. Ƙusoshin da ake rataye gafakokin makaranta duk babu kome a kansu. Alƙur'anan suna jere a kan wani benci, kowanne an naɗe shi da farin ƙyalle.

Baffa Lawal bai ɓata lokaci ba.

"Yaro, ni ba ni da dogon zance. Na yi aikin gwamnati tun kana yawo ba wando. Kuskure ba abin kunya ba na, manya sun yi, an ƙara musu girma. Ka ce ambulan sun cuɗe. Kalma ukku. Wa za ya kama ka? Baturen ga na Ingila zai zo Illela shi bincika?"

"Ba shi zuwa, Baffa."

"To?"

"Ba su cuɗe ba."

"Ban tambaye ka ko sun cuɗe ba. Na ce ka ce."

Baffa ya juya ga yayansa yana nuna shi da hannu.

"Ka gani, Yaya? Tun farko na faɗa maka. Wanga, ubanai mahalbi na. Barewar da ubanai ya kashe ta hi wadda ke cikin rumbun Junaidu. Ba wanda yak kai shi kotu. Yau ɗanai ya sa tabarau ya zo shina kukan fata."

"Gaskiya ta, Baffa," in ji Halilu. "Da namanta anka raine ni. Lokacin akwai ta, kuma da baka shi ka halbi, guda guda."

"Ji shi. Har da wa'azi." Baffa ya matso. "Mun buɗe maka ƙofar da ba a buɗe ma irinku. An ba ka kyauta ta ɗaukar Littafin Allah, ka sa mata reza awa wanzami. Yanzu an ce ga hanyar gyara, ka ce a'a. Kai mi ka ka so? Safiyyatu ko takarda?"

"Safiyyatu."

"To faɗi kalma ukku."

"Ba ni iyawa."

Malam Ma'aruf ya ɗaga hannu kaɗan. Baffa ya koma ya jingina, yana huci.

"Halilu," in ji Malam. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai an saurara. "Ina da tambaya wadda ba ta kotu ba. Ilmin ga naka, shina iya gane dabbar ga an yanka ta, ko mutuwa ta yi?"

Halilu bai zaci wannan ba.

"A'a, Malam. Iri kaɗai shi ka faɗi."

"Amma ka san yadda a ka kama su."

"Na sani."

"Faɗi."

"Da mota a ka bin su cikin rairayi, har su gaji su faɗi. Ba a tsayawa kan ta farko, don sauran na gudu. Sai an gama a dawo a tsince. Wadda anka ishe da rai a yanka."

"Wadda ba a ishe ba hwa?"

"Fata dai ba a barinta."

Malam ya lumshe ido. Carbin ya tsaya a hannunsa. 

"Shekaru," in ji tsohon, kamar da kansa yake magana. "Ni ka rataya Alƙur'ani cikin gafakokin Junaidu da hannuna, ashe har da fatar mushe. Ni ka ce ma ɗalibai su yi alwala kamin su taɓa."

"Yaya, ba wannan anka zauna yi ba," in ji Baffa.

Malam bai dube shi ba. Ya buɗe ido a kan Halilu.

"Ka yi kuskure cikin aikinka?"

"Ban yi ba, Malam."

"Ka san abin da amsar ga za ta ci maka?"

"Na sani."

"To ka ji tawa. Ban sa ka ƙarya. Da ka shigo nan ka ce ka yarda da maganar Lawal, da ni da kaina na hana ka ɗiyata, don wanda yay yi ma alƙali ƙarya zai yi ma matatai."

Halilu ya fara sa rai. Bai kai ko'ina ba.

"Amma ni uba na," Malam ya ci gaba. "Akwai tsohuwa cikin gidan ga da ba ta cin abinci. Ba ni iya shiga in ce mata, wanda yat tsaya kan ɗanki ran Litinin, shi na za mu ba ɗiyarki ran Juma'a. Ilmina bai kai nan ba. Kyauta na ba ka, Halilu. Da ka zo ka ce, Malam, ina son fatar akuya ta gwaji, da na yanka maka akuya. Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba."

"Na janye maganata."

Malam ya faɗe ta a hankali, kamar mai sauke kaya masu fashewa. Halilu ya ji ta shiga, ta nemi wuri ta zauna. Abin mamaki, tunanin da ya fara zo masa shi ne bai ci kome ba tun safe. Ya ji kunyar tunanin.

Baffa Lawal ya tafa cinya.

"Alhamdu lillahi. An gama. Gobe bayan kasuwa mutanen Maccido na zuwa, sai a sa rana."

"Ba a gama ba," in ji Malam. "Safiyyatu ba budurwa ba ta. Ta yi aure, ta yi takaba. Ba a ɗaura mata sai ta faɗi da bakinta. Ka san wannan, Lawal, tare munka karanta."

"Sai a tambaye ta cikin gida."

"Nan za a tambaye ta. Wanga mutum ya zo da ƙafatai, shi ji da kunnenai."

Ya ɗaga murya kaɗan ya kira sunanta. Ba a jira ba. Asabarin da ke ƙofar cikin gida ya motsa, aka ga inuwarta ta durƙusa a bayansa. Da alama ba daga nesa ta taso ba.

"Na'am, Baba."

"Kin ji na janye maganar Halilu."

"Na ji."

"Baffanki na son ba da ke ga Alhaji Maccido. Mi kinka ce?"

Halilu ya kafa ido a kan tabarma, yana bin saƙarta.

"Baba, Alhaji Maccido bai yi min laihin kome ba. Allah shi saka mishi da abin da yay yi ma Yaya. Amma ba ni aurenai."

"Ke," in ji Baffa.

"Bari ta gama."

"Malam Halilu kuma," ta ci gaba. "Ba ni ce a maida maganatai yau. Ba ni iya duban Inna. Amma ba ni da wani miji in ba shi ba. Ranar da Yaya Junaidu yaf fito, ko yaushe ta, in ya zo da ƙafatai yaz zauna cikin zauren ga, yak karɓi sadakina daga hannun Malam Halilu da hannunai, ran nan a ɗaura. In ba haka ba, a bar ni."

Baffa ya yi dariyar takaici.

"Junaidu? Wanda zai sa a ɗaure? Kin san zuciyar yayanki kuwa? In ya ƙi har abada hwa?"

"Sai in tsuhwa ina karantar da mata, Baffa. Ba su ƙarewa."

Asabarin ya sake motsi. Aka ji tafiyarta, da sautin kukan da ta riƙe har ta yi nisa.

Baffa Lawal ya tashi ya sa takalmi, ya fita ba sallama.

Zauren ya rage su biyu. Halilu yana zaune yana juya abin a kansa, irin juyin da ya saba yi wa sakamakon gwaji, ko zai fito da wata fuska. Bai fito ba. A duniya duka hannu ɗaya ne zai iya ba shi Safiyyatu, kuma jibi zai tsaya ya rantse ya nuna mai hannun.

"Ka ji ta," in ji Malam.

"Na ji, Malam."

"Ba ni na koya mata wannan ba." Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa. "Tashi ka kama hanya tun da rana, motar ga taka ba ta da amana."

Halilu ya durƙusa ya yi ban kwana. Ya kai bakin ƙofa yana laluben takalmi da ƙafa, Malam ya sake kiran sa.

"Halilu."

"Na'am."

"Ran Litinin za ka faɗi abin da za ka faɗi. Ba ni zuwa. Amma Junaidu na nan tsaye gabanka. In za ka faɗa, kada ka faɗa kana duban takarda. Ka dube shi."